Amsa ga mai tambaya kan tsarin ajiye bayanan bincike

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ɗiyata, na ji saƙonki. Kin ce fom ɗin neman tallafin yana son ki rubuta yadda za ki kula da bayanan bincikenki, ko ya isa ki ce za ki zuba su a filash da kwamfutarki. To ba wurin ajiya kaɗai suke tambayarki ba. So suke su ji bayanan nan na wa ne, wa zai gan su, kuma mi za ki cire kafin ki ba wani.

Ajiya ba ta da wuya. Kwafi uku, biyu a na'urori daban-daban, ɗaya a wajen gidanki, ko da Google Drive ne. Filash kuwa kin san abin da yake kwasowa a shagon buga takardu. Wannan ya wuce.

Inda nake so ki natsu shi ne nan. Ke fa hira za ki yi da manoman Batsari da Jibiya a kan yadda suka bar gonakinsu. Mutum zai gaya miki wa ya biya da nawa ya biya kafin a bar shi ya yi shuka. In da KoboToolbox, manhajar cike tambayoyin bincike a waya, kike aiki kuma kika sa ya ɗauki GPS, to ƙofar gidansa kika ɗauka. Ko kin goge suna, da kin rubuta mai unguwa, shekara sittin, mata uku, duk garin sun san shi. Don haka sunaye su zauna a fayil daban mai kalmar sirri, kowa ki ba shi lamba. Sunan ƙauye ki mayar da shi gunduma... a'a, gunduma ma ta yi kusa, ki tsaya a ƙaramar hukuma. Muryoyin da kika naɗa kuwa ba za su hau intanet ba sam. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, gaskiya ne, amma ni ba hukunci nake tunani ba, ran bawan Allah nake tunani.

Sannan takardar yarda. Ki karanta musu da Hausa, ki faɗa musu baki da baki cewa wasu masu bincike za su iya ganin amsoshinsu ba tare da suna ba. In ba ki faɗa tun farko ba, daga baya ba ki da hurumin rabawa.

Batun na wa ne kuwa, ki sa a rubuta kafin ki taka ƙauye ko ɗaya. Mu an yi mana. Shekarun baya mun yi aikin rijiyoyi da wasu baƙi a ƙasar Daura. Mu muka sha rana, mu muka durƙusa gaban masu gari. Wayoyin nasu ne, duk abin da muka cike kai tsaye yake wucewa wurinsu. Da aiki ya ƙare na nemi kwafi don wani ɗalibina ya yi digiri na biyu da shi, aka ce sai an tuntuɓi ofis. Har yau ana tuntuɓa. Maƙala ta fito, sunayenmu can ƙasa a wurin godiya. Ba mu da abin kamawa, don ba a rubuta komai ba. Kuma mun yi wa dattawan nan alkawarin dawo musu da sakamako, wallahi in na hango ɗayansu a kasuwar Mai'adua nauyi nake ji. Yaron ma ƙarshe sai canza taken bincike ya yi... to, a bar wannan.

Wurin rabawa, ki rubuta Zenodo, rumbun ajiye bayanan bincike a intanet. Kyauta ne, cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ke riƙe da shi, za su ba ki lambar DOI, wato lambar shaidar aikinki a intanet, ta yadda duk wanda ya yi amfani da aikinki zai iya ambaton ki. Amma ki haɗa da takardar da ke fayyace 1 na nufin mi, 2 na nufin mi a kowane layi, in ba haka ba ke kanki bayan shekara biyu ba za ki gane ba.

Ki rubuta shafi biyu ki turo mini kafin Alhamis, tare da takardar yardar, ita zan fara dubawa.