Tambaya da Amsa: Inji Ya Ƙaru da Ƙarfi, Amma Yana Ƙara a Kan Tudu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi tsohuwar Chevrolet mai inji 350 (lambar girman injin a ma'aunin inci na Amurka) da aka shigo da ita daga Amurka, na sa bakanike ya sabunta injin. Ya sa fistin masu shimfiɗaɗɗen kai da kan inji na ƙarfe mai ɗakin ƙonewa si-si 64, ya bar kamshaf (sandar da ke buɗe bawul da rufe su) ɗin da motar ta zo da shi. Motar ta yi ƙarfi, amma idan na taka ta a kan tudu, musamman da tsakar rana, sai in ji ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Laifin man fetur ne, ko aikin ne bai yi ba? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan ƙarar ba ita ce "nokin" da makanikanmu suke nufi idan inji ya ci kansa ya tsaya ba, amma idan aka bar ta, can za ta kai ka. Abin da ke faruwa shi ne, bayan fulogi ya kunna wuta, ragowar cakuɗin iska da fetur da ke gefen silinda yana fashewa da kansa saboda zafi da matsi, kuma wannan bugun ne yake fasa gefen fistin, ya karya zobba, ya ƙona gasket.

Bari mu yi lissafi. Kowace silinda ta inji 350 tana ɗaukar kusan si-si 717. Idan aka haɗa ɗakin ƙonewa na si-si 64 da kaurin gasket da ɗan sararin da ke saman fistin, za a samu kusan si-si 80. Ka tara 717 da 80 ka raba da 80, sai ka ga matsin ya kai kusan 10 bisa 1, wato fistin yana matse cakuɗin zuwa kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Da kan inji mai si-si 76 aka sa, da matsin bai wuce kusan 8.8 ba. Si-si goma sha biyu kacal, amma a nan matsalar take.

Sai dai wannan lamba ta takarda ce, domin fistin ba ya fara matse iska sai bawul ɗin shigar iska ya rufe, kuma kamshaf ne yake yanke lokacin rufewar. Kamshaf na asali yana rufe bawul da wuri, saboda haka kusan dukkan tafiyar fistin zuwa sama matsi ce. Kamshaf na tsere kuwa yana barin bawul a buɗe bayan fistin ya soma hawa, wani ɓangare na cakuɗin ya koma baya idan inji yana juyawa a hankali, sai matsin gaskiya ya ragu. Shi ya sa babban kamshaf yake buƙatar babban matsi, ƙaramin kamshaf kuma yake buƙatar matsakaici. Bakanikenka ya haɗa matsi mai yawa da kamshaf mai rufewa da wuri, a kan inji na ƙarfe wanda yake riƙe zafi fiye da na alminiyom, a ƙasar da zafin watan Afrilu yake kai digiri 40.

Game da man fetur, lambar oktan ba ta nuna ƙarfin mai, tana nuna juriyarsa ga fashewa ne kawai. A nan masu bin shawarar Amurkawa suke ruɗewa: lambar da ake rubutawa a famfon Amurka matsakaicin gwaji biyu ce, don haka 87 nasu ya yi daidai da kusan 91 a ma'aunin RON, wato ɗaya daga cikin gwaje-gwajen biyu, wanda Turai take amfani da shi, 93 nasu kuma ya kai kusan 98. Wanda ya ce maka matsin 10 bisa 1 ba komai ba ne, da wannan man mai daraja yake magana. Mu kuwa fetur iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu, babu zaɓi, don haka a kan man da ke hannu ya kamata a gina injin tun farko.

Matakin farko, ka sa a ja taimin, wato lokacin da fulogi yake kunna wuta, baya da digiri biyu zuwa huɗu, a duba lagireto da kafireto, domin inji mai zafi ko wanda fetur ya yi ƙaranci a cakuɗinsa ya fi saurin yin wannan ƙara. Wannan sauƙi ne na ɗan lokaci, kuma zai rage maka ƙarfi. Kada ka yarda a sa gasket mai kauri sosai, ko da yake shi ne mafi araha: tazarar kusan milimita ɗaya tsakanin fistin da shimfiɗar kan inji ita take gauraya cakuɗin, idan ta faɗaɗa ƙarar tana iya tsananta.

A ganina, ga motar da ake hawa kullum, a sauke matsin zuwa wajen 9 bisa 1 da kan inji mai faɗin ɗaki ko fistin masu kwarmi. Babban kamshaf ma zai taimaka, amma inji zai riƙa rawa a tsaye, ƙarfin tashi zai ragu, burki mai dogara da zuƙar inji zai yi tauri. Kafin ka kashe ko kwabo, a gwada matsin kowace silinda da ma'auni. Idan ya haura 190 a ma'aunin psi, kan injin ne za a fara canzawa.