Hukuncin karanta wa yara labarin maharbin giwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tsinci tsohon littafin nan na Turanci, King Solomon's Mines, cikin kayan marigayi mahaifinmu. Kowane dare ina fassara wa ƙannena shi. Abokina ya ce ƙarya ce zalla, karanta shi haramun ne. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku.

Abokinka ya yi gaggawa. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai auku ba don mai saurare ya gaskata ka. Wannan littafi kuwa da Rider Haggard ya fitar a 1885, kowa ya san Allan Quatermain, maharbin giwar da ke cikinsa, ƙirƙirarsa aka yi. In ƙagaggen labari haramun ne, me za a ce da Maƙamatul Hariri da malamanmu ke karantarwa a zaure tun kaka da kakanni, alhali labaran Abu Zaid da ke cikinta ƙagawa ne? Ga Kalila wa Dimna, diloli na magana. Ba mu ji malamin kirki ya kira Ibnul Muƙaffa, wanda ya fassara shi zuwa Larabci, maƙaryaci don wannan ba. Har kakarka da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sai ta shiga laifi ke nan.

Abin da ya tsayar da ni shi ne da ka ce ƙannenka. Kai kana rarrabewa, yaro ba ya yi. Sunan Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, na bangon littafin, don haka wajibi ne ka gaya musu mahaƙar lu'ulu'un da littafin ya jingina masa ba ta cikin ƙissar annabawa. A zamanin da aka rubuta littafin Turawa kan jingina tsofaffin gine-ginen kudancin Afirka ga baƙi, don ba su yarda baƙar fata zai iya ba, alhali kufan dutsen Zimbabwe kakannin Shona suka gina shi.

In kun zo inda Turawan suka ce daga taurari suka sauko, suka tsorata mutanen Kukuwana, ƙagaggiyar ƙasar da ke cikin labarin, da husufi, dakata ka faɗa musu abin da Annabi (SAW) ya ce ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu: rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

In ba za ka iya wannan bayani ba, karanta abinka kai kaɗai. Kuma ku riƙa tashi da wuri, kada hira ta cinye muku asuba. Wallahu a'alam.