Kan da za ka aske da wanda za ka tura asibiti

Ka tambaye ni jiya me ya sa na aske dattijon nan mai farin ɓawo a ƙeya, amma na dakatar da yaron da tabonsa bai kai nasa girma ba. Zauna, yarona, ka ji.

Abin da ka fi gani kullum amosani ne. Garinsa fari ne ko ruwan ɗorawa, da ɗan maiƙo, yana bazuwa ko'ina a kai, wani lokaci har gira da gefen hanci da bayan kunne da gemu. Ba a ɗaukarsa daga wani. Man wanke kai mai ketokonazol sau 2 a mako, a bar kumfar ta yi minti 5 kafin a ɗauraye, yakan kwantar da shi, sai dai yana komowa.

Na dattijon kuwa likitoci suna kiransa soriyasis. Fatar mutum takan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta, tasa kuwa cikin 'yan kwanaki take yi, shi ya sa ɓawon yake taruwa da kauri. Tabon yana da iyaka a fili, yakan zarce inda gashi ya tsaya, kuma a baƙar fata duhu yake yi, da toka-toka a sama. Sau da yawa za ka gan shi a gwiwar hannu da ta ƙafa, farce ma yakan yi 'yan ramuka. Shi ma ba a ɗaukarsa daga wani, don haka kada ka kuskura ka nuna wa mai shi ƙyama, ya sha ganinta a wurin mutane. Amma ka sassauta hannu. Kada ka kankare ɓawon, jini zai tsattsafo, kuma inda reza ta yanka sabon tabo yana iya fitowa a wurin.

Yaron nan makero ne da shi, kuma shi ne abin tsoronmu. Gashin za ka duba tukuna. A makero gashi yana karyewa daga tushe, ya bar fili kewayayye mai gari-gari da ɗigo-ɗigon baƙi. Taɓa bayan wuyansa, sau da yawa akwai kaluluwa. In ya tsananta wurin yakan kumbura ya yi mugunya, har ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba. Yara ya fi kamawa, kuma kilifarmu da mataji da burushi da tawul su ne suke kai shi daga wannan kai zuwa wancan. Wallahi ba na so a ce ɗan wani ya samo shi a kujerata.

Shi ya sa na ce wa mahaifinsa su je asibiti. Ƙwayar cutar tana cikin silin gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa, sai maganin sha irin su girisiyofulbin na mako 6 zuwa 8. Mayukan nan masu kashe ƙaiƙayi nan take, ɓoye shi suke yi yana ci gaba da yaɗo, kada ka taɓa ba wa kowa shawararsu.

In ka ga fari-fari a wuya ko kafaɗa, wanda in an sosa gari yake tashi, yawanci ƙyasfi ne, mai sauƙi. Amma tabon da ya koɗe, ba gari, mai shi kuma ba ya jin taɓi a wurin, ka ja shi gefe cikin sirri ka ce ya ga likita, don kuturta takan fara haka, kuma tana da magani.

In ka riga ka sa kilifa kafin ka lura da makero, ƙarasa askin. Sannan ka kwance bakin kilifar, ka kakkaɓe gashin tas, ka wanke, ka jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, tawul kuma ya tafi wanki da ruwan zafi.