Kar ka tumɓuke kututturen gawon nan

Malam, ka tambaya ko ka tumɓuke kututturan gawo da ke tohuwa a gonarka kafin shuka, don kar su cinye wa gero wuri. A'a, ka bar su. A kowane kututture ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka ɗaure waɗanda ka bari su tashi tare. Gawo ba ya kishi da gero: da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, suka farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5. Itacen da ke tsaye yana riƙe da iskar da ke ɗumama duniya, in aka sare shi aka ƙone gawayi, sama take komawa.

Sharaɗi ɗaya dai, awaki. A gonarmu na ga tohon da ya kai gwiwa sun gwaguye shi ƙarƙaf bayan girbi, da aka saki dabbobi. Ka kewaye kowane toho da ƙaya har ya wuce bakin akuya. Darbejiya kuwa ba ta cikin wannan lissafi, inuwarta ba ta ɗagawa da damina, bakin gona ne wurinta.