Amsar Bappa kan maganar Play da kwamfuta

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da babanka da mutanen gida duka.

Saƙonka ya same ni. Da fari dariya ta kama ni, da na sake karantawa kuma sai jikina ya yi sanyi. Ka ce ka tara 'yan kuɗi a aikin hutu, kana wasi-wasi tsakanin sayen Play, wato akwatin wasan PlayStation, da haɗa kwamfutar wasa. Ka ce in Play ce, dole a kafa ta a zaure inda talabijin take, yayanka kuma zai ɗauki hannu guda, wato abin latsawar da ake wasan da shi, ka kuwa san za ka lallasa shi a ƙwallo a gaban yara. Shi ne kake tambaya ko al'ada ta yarda ƙane ya ci wansa a bainar jama'a, in ba ta yarda ba gara ka sayi kwamfuta ka shige ɗaki ka ja ƙofa. Wannan jan ƙofar ne ya tsaya mini a rai.

Ka dai san sana'ata. Tun zamanin rediyo mai batir nake gyara, har talabijin ta fara a Kamaru a 1985 muka koma buɗe bayanta, kuma waɗannan akwatunan wasa sun sha biyowa ta teburina. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation ta farko a Japan a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin hannun kowa ya rabu biyu, don haka ba wanda ya bi ta kanta a nan a lokacin. Ta biyun, ta shekarar 2000, ita ce ta cika mana gari. An sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, da masu ita suka gaji kuma aka juyo mana su na hannu, ta Duwala da ta Najeriya. Ta uku ta zo a 2006, ta huɗu a 2013, ta biyar a 2020. Ka lura da tazarar: shekara shida zuwa bakwai. Wanda ya sayi akwati ya huta da lissafi na tsawon wannan lokaci, duk wasan da aka yi dominsa zai tashi, ba ruwanka da abin da ke cikinsa. Faifan wasa kuma ana ara, ana musaya, ana sayarwa in an gaji. In dai Play za ka saya, kada ka yarda da wadda ba ta da bakin faifai ko da ta fi araha, don wasa guda na yanzu yakan wuce giga 50, ka kuma san kuɗin intanet.

Kwamfuta ita kuma ba ta gama saye. Yau ka canja katin hoto, gobe ka ƙara mata ƙwaƙwalwa, kuma wannan shi ne daɗinta, shi ne kuma ramin da kuɗi ke bi. Wasanninta sukan yi araha a kasuwar intanet ta Steam in an yi rangwame, ba ka biyan kuɗin wata kafin ka kara da mutane ta intanet kamar yadda masu Play ke biya a yawancin wasanni, amma abin da ka saya a can ba ka da ikon sayar wa wani. Ga shan wuta: Play ta biyar wajen wat 200 take ci in ana wasa, babbar kwamfuta kuwa tana iya cin ninkinsa. Mu da wutarmu mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, ka san yadda ake rabonta in rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya.

To wannan na ƙarfe ke nan. Bari in ba ka labarin da tambayarka ta tuno mini.

Lokacin ina yaro, kafin jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, kogin Binuwai shi ne babbar hanyar kayan Garwa. In damina ta kankama ruwa ya cika, jiragen ruwa su hauro daga Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. 'Yan makonnin nan gari ba ya barci. Baƙi sukan cika unguwarmu, kakanka kuwa, Allah ya jiƙansa, mai masauki ne, zaurenmu ba ya rabo da fatake. A ƙofar gida akwai wata tsamiya, a gindinta ake dara bayan la'asar. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya guntayen kara. A zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin wasansa.

Akwai wani dattijo abokin kakanka, tsohon maɗinki, idonsa ya fara rauni har ya bar allura, amma a dara ba a taɓa ganin bayansa ba. Har daga wasu unguwanni ake zuwa gwada shi. Ran nan wani saurayi da ya biyo jirgi da huhun goro, baƙonmu ne, ya tsaya yana kallo. Tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Samari, tsayuwar nan taka ta mai sani ce. Zauna." Saurayin ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce shi ba ya zama gurbi ɗaya da sa'an ubansa. Sai da kakanka ya sa baki ya ce, "Shi ya kira ka, ƙin amsawa shi ne rashin kunyar," sannan ya zauna, a ƙasa, ba bisa tabarma ba.

Ni ina tsugune a gefen tsohon, ni ke riƙe masa butarsa. Ba a yi nisa ba wurin ya yi tsit. Masu shan fura suka ajiye ludayi. Saurayin nan ya kafa 'ya'yansa ta yadda ɗa guda in ya matsa gaba ya jera uku, in ya dawo baya ya sake jera uku, wanda ya san dara ya san in aka kai nan magana ta ƙare. Na ga yatsan tsohon yana kaɗawa a kan gwiwarsa. Sai saurayin ya miƙa hannu, ya yi jim, ya tsallake wannan ɗan, ya tura wani can gefe da ba shi da amfanin komai. Ya buɗe wa tsohon hanya da gangan.

Tsohon bai taɓa ɗansa ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya sa tafin hannu ya shafe guraben duka, tsakuwa da kara suka watse. Ya ce, ba da tsawa ba, "Ɗana, ido ne ya tafi, hankali yana nan. Sadaka ka ba ni a gaban mutane? Tona mana sabo." Wallahi har yau ina jin yadda gabana ya faɗi. Saurayin ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya tona guraben da ɗan yatsa. Aka sake. Wannan karon bai saki komai ba, ya ci tsohon ci mai kyau, ya cire masa 'ya'ya har suka kasa jera uku. Da aka gama bai yi murmushi ba, bai waiwayi 'yan kallo ba. Ya tattara tsakuwar tsohon da hannu biyu ya ajiye masa a gabansa, ya ce, "Albarkacinku ne, Baba." Tsohon ya laluba aljihu ya ciro goro fari guda, ya fasa, ya miƙa masa ɓari, alhali yaron nan da huhun goro ya zo garin. Har ruwa ya fara janyewa jiragen suka juya, kullum la'asar tare suke, wani lokaci wannan ya ci, wani lokaci wancan.

Da daddare na tambayi kakanka dalilin fushin tsohon, tunda girmama shi aka yi. Ya ce da ni, "Babba yana haɗiye kaye, ba ya haɗiye raini." Ya kuma ce wasa yana da mutanensa. Jika da kaka su yi ta yi, ba mai shiga. Taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, har su ƙwace wa juna hula. Ƙanen miji da matar wa, Fulani da Barebari, duk an san da wannan. Amma suruki ba abokin wasa ba ne, uba da ɗan fari kuma ko sunansa ba ya kamawa, balle su haɗa gwiwa a gurbi. Wa da ƙane suna tsakiya: ba a hana ba, sai dai wan ne ke kira, ƙanen ya amsa. Kakarka kuma kullum maganarta ita ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. A kan tuwo take faɗa, amma in ta ga ɗayanmu ya ɓoye ƙwallon tsumma a bayan rumbu don kada ƙanne su taɓa, ita ɗin dai take maimaita masa.

Ba kayen ne ke ba ni tsoro a wasanku na yanzu ba, bakin ne. Nakan wuce shagunan gem na kasuwa in ji abin da yaro ke gaya wa wanda ya girme shi don ya zura masa ƙwallo, ya tashi yana rawa a kansa, har a ɗauka a waya a tura wa duniya. An mai da ka'ida wanda aka ci shi ke biyan kuɗin zama, daga nan a ɗora ɗari biyar, a ɗora jaka, kafin ka ankara caca ce tsagwaronta da kuɗin cefanen uwa. A kira magariba, ladan ya gama, su suna cewa bari a tashi wasan. Mu ma mun so ƙwallo, kada ka ɗauka ba mu so ba. Ranar 8 ga Yuni 1990 da Omam-Biyik, ɗan wasan Kamaru, ya sa wa Ajantina ƙwallo da ka, talabijin ɗaya ce a layinmu, a waje aka kafa ta bisa tebur, tsoho da yaro kowa ya yi ihu har murya ta dishe. Amma a idon manya aka yi, in yaro ya zarce akwai mai ce masa kai.

Wanda ya shige ɗaki da kwamfuta, ya toshe kunnuwa biyu da abin ji, wa zai ce masa kai? Uwarsa ta yi sallama bai ji ba. Baƙo ya zo ya tafi bai fito gaisuwa ba. Yana hira da wani a Faransa ko Barazil wanda bai san sunan ubansa ba, ƙanensa kuwa yana bakin ƙofa yana leƙe ta kafar makulli. Na ga irin wannan a gidajen mutanen kirki, yaro ba ya sata, ba ya shaye-shaye, amma ya zama baƙo a gidan ubansa. Akwatin Play ko ba komai an yi shi da wurin hannu fiye da ɗaya, yana neman na biyu.

Kada kuma ka ce Bappa ya tsani kwamfuta. Kai ɗalibi ne a jami'ar Marwa, kuma Play ba za ta rubuta maka takardar kammala karatu ba. Da kwamfuta ake ƙera wasannin ma, har na Play ɗin. Wasu samari a Yawunde, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, sun yi nasu wasan mai suna Aurion, ya fito a 2016, kuma a kwamfuta ya fara fita. Da zan ji wata rana ɗanmu na arewa ya sa dara a cikin na'ura, da gurabenta da ka'idojinta yadda tsofaffi suka bar mana, da na yi farin ciki ƙwarai. Sannan abin da ba ka faɗa ba, na kuma san ka sani: hannun Play yana aiki a kwamfuta, kwamfuta kuma ana jona ta da talabijin da waya guda. Ashe ba na'urar ce ke zaɓar ɗaki ko zaure ba.

Shi yayanka, ka tambaye shi kuwa? Kai ka yanke cewa za ka ci shi. Yaron da na sani yana tashen zuwa shagon gem tun kana goye, zamanin da ake buga wasan ƙwallo na PES a Play ta biyu, ba na jin hannunsa ya mutu haka da sauri. In ya kira ka, ka zauna ka yi wasanka da gaske. Babanku kuwa daban ne, in ya shigo zaure a rage murya, in da baƙi a kashe, wannan ba sai an tambayi Bappa ba. Ragowar maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, sai na zo sunan da za a yi a gidanku mu zauna, har da shi yayan naka.

Kafin nan kada ka biya kuɗin komai. Ka turo mini hoton abin da mai shagon ya nuna maka da farashinsa, in na hannu ne a kunna shi a gabanka ya yi awa guda ana wasa, ka saurari ƙarar fankarsa, ka taɓa bayansa ka ji zafi. Ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun yanzu, don yawancin waɗanda ake kawo mini a mace dawowar wuta ce ta kashe su. Zafin watan Maris da Afrilu kuma ya wuce digiri 40 a wajenku, ga ƙurar hunturu, saboda haka ko wanne ka saya kada ka ajiye shi a ƙasa ko cikin kabad, ka ɗinka masa riga ta yadi ka riƙa rufewa in an kashe.

Ka gaishe mini da babanka da innarka. Ka ce wa yayanka ina nemansa a waya.

Bappanka, daga Garwa.