Tocilar da ke kunna kanta a aljihu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa manhajar Android da ke kunna tocila in an girgiza salula, ta kashe in an karkata ta, amma da ka hau kabu-kabu sai tocilar ta riƙa kunna kanta cikin aljihu. Salular lafiyarta ƙalau, lissafin ne ke son gyara.

Ma'aunin motsin da kake karantawa, wato akselerometa, lambobi uku yake bayarwa: x na faɗin salula, y na tsawonta, z kuma na abin da ya fito ta fuskar gilashi. Ajiye ta kan tebur tana kallon sama, z zai tsaya wajen 9.8 alhali ba wanda ya taɓa ta. Wannan jan ƙasa ne, kuma kullum yana cakuɗe da motsin hannu. Karkata daga jan ƙasa ake gane ta, girgiza kuwa daga abin da ya rage bayan an cire shi. Muddin ba ka raba su ba, za ka yi ta canza lambobi a banza.

Rabawar ba wuya. A kowane layi, wato x, y da z, ka riƙe tsohon ƙiyasin jan ƙasa, ka ninka shi da 0.9, ka ƙara masa 0.1 na sabon karatu. Ka cire sakamakon daga sabon karatun, saura shi ne motsin hannu. Wajen zaɓen saurin karatu, ka yi rajista da SENSOR_DELAY_GAME, karatu 50 ke nan a daƙiƙa. SENSOR_DELAY_NORMAL 5 kacal yake bayarwa, girgiza mai sauri takan wuce tsakanin karatu biyu ba a gan ta ba.

Yanzu ga ainihin ciwon. Mafi yawan misalan da ke yawo a intanet bugu ɗaya suke jira: ƙarfi ya haura ninki 2.7 na jan ƙasa, shi ke nan an girgiza. To ai ramin hanya ma bugu ɗaya ne, haka faɗuwar salula kan tabarma. Hannun mutum kuwa kai da kawowa yake, dama, hagu, dama. Don haka juyi za ka ƙirga. Duk sanda motsin x ya wuce 12, ka duba alamarsa, wato + ce ko −. In ta saɓa wa ta baya, ka ƙara ɗaya. Juyin da ya zo ƙasa da milidaƙiƙa 100 bayan na baya ka watsar, karkarwar inji ce ko gargadar jar ƙasa, hannu ba ya wannan sauri. In an samu 4 cikin daƙiƙa ɗaya, ka kunna, sannan ka toshe kunne na wata daƙiƙa, in ba haka ba ƙarshen girgizar zai sake kashe tocilar. Lokacin kuma ka ɗauke shi daga event.timestamp, wato lokacin da ke tare da kowane karatu, ka tuna da nanodaƙiƙa yake zuwa, kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa.

Ka haɗa da ma'aunin kusanci, wanda ke kashe gilashi in an kara salula a kunne. In ya ce akwai abu dab da fuskarta, a aljihu take, kada ka ƙirga komai. Wannan kaɗai yana rage rabin wahalar.

Karkata ta fi sauƙi. Kusurwar gefe ita ce atan2, lissafin da ke fitar da kusurwa daga lambobi biyu, na x da z na jan ƙasan da ka tace, ka mayar digiri. Kada ka sa iyaka ɗaya, don hannun da ya tsaya kan iyakar zai sa tocila ƙyaftawa. Ta shiga karkata a digiri 30, kada ta fita sai ta dawo ƙasa da 15. Lokacin girgiza kuma ka daina duba kusurwa gaba ɗaya, ƙarya take yi.

Ka yi hattara da salulolin da mutanenmu suka fi riƙewa. Masu araha da yawa ba su da jiroskop, wato ma'aunin juyawa, kuma getDefaultSensor, umarnin neman ma'auni, yana iya dawo maka da null, wato babu, in ka nemi TYPE_ROTATION_VECTOR mai ba da kusurwar salula. In ba ka duba ba, manhaja tana iya rufewa. Shi ya sa na fi son a tace da hannu. Ka duba getMaximumRange ma, wato iyakar abin da ma'aunin ke iya karantawa: in ya nuna wajen 19.6, ma'aunin ba ya wuce ninki biyu na jan ƙasa a layi ɗaya, 2.7 ɗin can da ƙyar za a kai shi.

Tun daga Android 9, manhajar da ke bayan fage ba ta samun karatun nan sai da sabis mai sanarwa a sama, kuma yana shan batir. A lokacin zafi da ɗaukewar wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka sa maɓallin da mai salula zai tsayar da shi da kansa.

Lambobin nan mafari ne. Ka sa manhajar ta rubuta x, y, z cikin fayil, ka hau kabu-kabu daga Babbar Kasuwa zuwa Tibiri da salula a aljihun gaba, sannan ka ba dattijo da yaro kowa ya girgiza sau goma. In dattijon ya kasa kunnawa, ka sauke 12 zuwa 10 ka sake gwada ta da fayil ɗin hanyar.