Na goro: wa ake ba, wa ake hanawa?

Malam, ka tambaya ko adalci ne a ba yaron da ke kawo abinci a otal na goro, a hana ɗan dako. Gaskiya ba adalci ba ne, sai dai ka san al'adar aro muka yi. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, tun 1991 ba a taɓa ta ba, shi ya sa mai ci yake ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Can abin albashi ne.

Mu nan ganin ido muke bi. Shekaranjiya a Kantin Kwari na ga ɗan dako ya sauke dila biyu ta atamfa, gumi har cikin ido, wani Alhaji yana ta ja-in-ja da shi a kan naira 200. Irin wannan Alhajin ne da daddare zai bar wa yaron otal canjin dubu guda don abokai na kallo. Mai wanke kwanuka a bayan kicin kuwa, ko sisi ba ya gani.

Ni nawa, ɗan ga-ruwan layinmu nake ba, musamman da azumi.